Tsohon Keke, Sabon Batir

An daina hayar keke a Tibiri, kuma babu wanda ya yi shela. Da can, a gefen kasuwa, ƙarƙashin dogon yaro, akwai mutum da kekunansa a jere, da kwanon ruwa a gabansa, da famfo, da tsohuwar robar cikin taya da ya yayyanka don faci. Yaro ya kawo 'yan daloli ya hau ya zaga ya dawo, mai keke yana duban inuwa, don ita ce agogonsa. Itacen yana nan har yau. Abin da ya gaji kekunan a inuwarsa kwalabe ne cike da fetur a kan tebur, rana tana ratsa su. Yanzu su ma kwalaben sun ragu. Duk wanda ya haura hamsin a garin nan ya ga zamani biyu sun zauna a inuwa ɗaya, na farko ya tashi, na biyu yana kakkaɓe riga.

Tibirin da nake nufi ta Samna ce, wato sarkinmu, ta ƙasar Arewa, wadda aka cire daga Dogon Dutsi a 2011 aka ba ta gundumarta tare da Dumega da Gesheme da Kore Mai Ruwa. Wanda ya ji sunan ya nufi Tibirin Gobir da ke gefen Maraɗi ya ɓata hanya.

A yarintarmu keke dukiya ce. Ɗan ci-rani in ya dawo daga Kumasi ko Abijan ko Ikko, abu biyu ake duba masa a ƙofar gida: rediyo da keke. Rali, wato Raleigh na Ingila wanda daga baya aka riƙa haɗawa a Kano, shi ne na masu hali. Fonis na Shanghai shi ne na kowa, baƙi mai nauyi, wanda ake ɗora wa dami biyu na rake daga fadama bai ce uffan ba. Wasu ba sa kware takardar da aka naɗe ƙarfen da ita daga kanti sai ta ruɓe da kanta. Wasu su naɗe shi da leda ja da kore, su sa madubi biyu, su rataya tuntu a ƙaho, su ɗinka wa sirdi riga. Ranar Juma'a a wanke shi da toka da tsumma kafin mai shi ya yi nasa wankan. Mushen lakwal, wato malamin makaranta, yana da shi, malamin gona yana da shi, mai allurar rigakafi yana ɗaure akwatinsa a kariya ya shiga ƙauyuka. Mu yara kuwa, da ƙafarmu ba ta kai feda daga kan sirdi, sai mu zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sanda mu tuƙa a karkace. Yawancin tabon da ke gwiwar sa'o'ina daga nan ya samo asali.

Akwai sautukan da kunnena ya riƙe. Ƙas-ƙas-ƙas ɗin tayar baya idan mutum ya saki feda a gangare. Ƙararrawa sau biyu a kwanar lungu. Da dare kuma gunjin dainamo, ɗan ƙarfen nan mai siffar kwalba da ake jinginawa a jikin taya: in ka yi sauri fitila ta haska, in ka gaji ta yi ja ta lumshe, har na nesa ya gane mai zuwa tsoho ne ko saurayi. Ga kuma warin sholisho a wurin mai faci, lokacin da yake nutsa roba cikin ruwa yana juya ta a hankali, mu kuma mun yi da'ira muna rige-rigen ganin kumfa.

Keke ya zo da ladabinsa, ko in ce ya gaji na doki. Ƙasar Arewa ƙasar dawaki ce, kuma mahayi ya san inda ake sauka. Ba ka wuce majalisar dattawa a kan sirdi, ba ka wuce ƙofar Samna a kan sirdi. Ka sauka, ka tura, ka gaida mutane, a tambaye ka gida da gona, sannan ka hau. Tafiyar rabin sa'a takan zama ta sa'a guda, amma ka iso da labarin gari kaf.

Kada wannan ya ruɗe mu. Wanda ya tuƙa keke a yashin Dallol Mawuri cikin watan Afrilu ba zai yi masa waƙa ba. Siririyar taya nutsewa take yi, sai ka sauka ka tura, rana a ka, kaya a baya, gumi yana shiga ido. Tsidau da ƙayar aduwa ba sa raga wa roba. Akan yi faci a kan faci har robar ta fi kama da rigar almajiri. Mace mai naƙuda da haihuwa ta gardama, ba keke ke kai ta likita ba, amalanken shanu ne, kuma akwai waɗanda ba su isa ba. Su kansu dattawan da muke sauka dominsu, a ƙuruciyarsu sun ji iyayensu suna yi wa keke dariya, abin hawan da kai ne za ka yi masa aiki. Kuma shi ma baƙo ne: taya da sarƙa da boris duk daga Kano ko Sakkwato suke zuwa. Bambancinsa ɗaya, in ya shigo gari ya zama ɗan gari. Babu wani sashe a jikinsa da mai gyara ba zai kwance ya baza a kan buhu ya mayar ba, kuma man da yake sha fura ce da tuwon da mahayinsa ya ci.

Da baburan Sin suka cika kasuwa a shekarun 2000, Kasea da Haojue da 'yan uwansu, babu wanda ya tsaya yi wa keke ta'aziyya, kuma da gaskiyar mutane. Kabu-kabu ya mai da Lido da Fadama kusa. Mai ciwo ya isa likita kafin la'asar. Mai tumatir ya kai kasuwa kafin kayansa su yi laushi. Samari da dama da za su tafi ci-rani sun zauna gida suna ɗaukar fasinja. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne iyaka. Jihar Kebbi tana nan gabas da mu, kuma Nijeriya ta shafe shekaru tana biyan tallafi a kan fetur. Jarkoki suna tsallakowa ta hanyoyin daji, 'yan ruwa-ruwa suna zubawa a kwalba, farashi ƙasa da na gidan mai. Mun saba har muka ɗauka haka Allah ya yi fetur.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya tsaya a Abuja, ranar da aka rantsar da shi, ya ce tallafi ya ƙare. Lita da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wata biyu bayan jawabin aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar da take turowa ta layin Birnin Kebbi, layin da ke aiki tun 1976, a lokacin da wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga can yake zuwa. Wutar ba ta dawo ba sai bayan ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairun 2024. Gwamnatin Nijar ta rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499 a Yulin 2024, amma matatar SORAZ ta Damagaram, mai ganga 20,000 a rana tun 2011, sai ta wayi gari da nauyin duk waɗanda a da kwalba ke shayar da su, kuma a Maris na 2025 aka ga layin ababen hawa a gidajen mai. Ba wannan ne karon farko da iyaka ta shaƙe mu ba. Tsofaffi suna tuna 1984 da Buhari ya rufe ta cikin fari, har yunwar shekarar ta ɗauki sunansa, kuma ya sake rufewa a 2019. Sai dai a 1984 mai keke bai rasa abin hawa ba don an rufe iyaka. Mai babur na 2023 ya jingine nasa a zaure.

Cikin wannan hali na ga keken wani mushe, ɗan ƙanwata a dangantaka, da ke koyarwa a wani ƙauye kudu da gari. Fonis ɗin mahaifinsa ne, wanda ya daɗe rataye a rumbu, kaji suna kwana a kansa. Ya wuce ni a hanyar jan ƙasa ƙafafunsa a tsaye kan feda, keke yana tafiya, babu ƙara sai wani siririn zuuu. Da ya gane ni ya tsaya, ya sauko.

Na ce, "Mushe, wane aljani ka sa ma keken tsoho?"

Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ba aljani ba ne, batir ne. Wani abokina ya aiko mini da kayan daga Kano cikin kwali guda."

Abin da ke cikin kwalin ba shi da yawa. Akwai inji mai faɗin faranti wanda ke zama a cibiyar taya, cikinsa maganaɗisu da naɗin wayar jan ƙarfe. Akwai batir na litiyam da ake ɗaurewa a sanda ko a kariya. Akwai ƙaramin akwati mai raba wuta tsakanin batir da inji, da totur irin na babur a hannun dama, da hannayen birki masu yanke wuta da zarar an matsa, sai caja. Irin nasa inji mai wat 350 ne, batirin kuma bolt 36. In ka buɗe batirin za ka tarar da ƙananan ƙwayoyi masu tsawon yatsa, waɗanda ake kira 18650 saboda faɗinsu milimita 18 ne tsawonsu 65, irin dai na cikin tsohon batirin kwamfuta da wasu tocila. Ana jera rukuni goma bi da bi a sami bolt 36. Cikakken caji yana riƙe abin da bai kai rabin kilowat-awa ba, kuma a hanya mai tauri, in mahayi yana ɗan taimakawa da ƙafa, yakan kai shi kilomita 30 ko fiye. Farantin sola mai wat 100 yana iya tara kusan wannan a yini guda na ranarmu, in an haɗa shi da na'urar da ta dace.

Da na tsaya ina duban injin sai na tuna dainamo. Aiki ɗaya ne aka juya. A da taya ke juya maganaɗisu ya haifi wuta, yanzu wuta ke juya maganaɗisu ya tura taya. Dabarar ma ba sabuwa ba ce: tun 1895 wani Ba'amurke mai suna Ogden Bolton ya yi rajistar keke mai inji a cibiyar tayar baya. Abin da ya hana ta tafiya kusan shekara ɗari shi ne nauyin batir, har sai da kamfanin Sony ya fara sayar da na litiyam a 1991, Yamaha kuma ya fito da kekensa mai taimakon feda a Japan a 1993. Yau a ƙasar Sin kekunan lantarki sun haura miliyan 300. Ƙasar da ta aiko mana da Fonis, ta aiko mana da baburan da suka kore shi, ita ce kuma ke aiko da kwalin da zai sauko da shi daga rumbu. A kusa da mu ma ana motsi: Mustapha Gajibo a Maiduguri ya yi suna da cire injin fetur daga ƙananan motocin haya yana sa musu na lantarki, a Kwatano da Lome kuma kamfanin Spiro yana da baburan da ake musanya wa batir a tasha. A jihar Nasarawa ana haƙo litiyam ɗin kansa, har an buɗe masana'antar tace shi a 2024, amma ƙwayar batir ba a nan ake yin ta ba.

Sai mu zo ga lissafi, don a nan masu tallan abin suke saurin wucewa. A ce batir ya jure caji 500 kafin ya raunana, kowane caji kilomita 30. Kilomita 15,000 ke nan. Ƙaramin babur yakan sha kamar lita 2 da rabi a kilomita 100, wato lita 375 a wannan tafiyar, kuɗinta a farashin sefa 499 na 2024 wajen jika 187. Wannan shi ne abin da mai batir ya tsira da shi, ban da baƙin mai da filogi. Daga ciki zai cire kuɗin sabon batir, wanda shi ne mafi tsada a cikin kwalin. Akwai riba, amma ba ta kai yadda ake kururutawa ba, kuma ta dogara ne ga batirin ya cika alkawari. Litiyam ba ya son zafi. Masu yin sa suna hana a yi masa caji in ya wuce digiri 45, mu kuwa a bazara inuwa ma takan haura 40. Wanda ya bar kekensa a rana, ko ya sa caji cikin ɗakin kwano da azahar, yana rage wa batirin kwana ne, wani lokacin kuma yana gayyatar gobara, irin wadda ba ta saurin mutuwa. Kasuwa kuma cike take da batiran da aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyi aka liƙa musu sabuwar takarda. Araha ba ta ado.

Shi ma keken tsoho ba a yi shi don wannan gudun ba. Birkin sanda na Fonis an ƙera shi ne don mutum mai tuƙi da ƙafa, ga shi an ƙara masa nauyin kilo shida ko bakwai da gudun kilomita 25 zuwa 30 a awa. Inji in yana tayar gaba yakan ci bakin ƙarfen da ke riƙe ta sannu a hankali, shi ya sa ake ƙara wani ɗan ƙarfe mai tallafa masa, kuma wanda ya raina wannan ɗan ƙarfen wata rana taya za ta rabu da shi a gangare. Yashi kuwa yana nan inda yake. In taya ta nutse inji yana jan wuta da yawa yana ɗaukar zafi ba tare da tafiya ba. Mushe ya ce a wuraren nan yakan sauka ya tura, ya ɗan murɗa totur keken ya ja kansa, shi yana bin sa a gefe. Ko wannan kaɗai, ga wanda ya san turin keke da kaya, ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka haɗa shi. Injin ya zo a cikin taya mai inci 26, Fonis kuwa 28 yake ɗauka. Masu gyaran babur suka juya shi suka ce ba aikinsu ba ne. Sai da aka nemo wani tsoho da ya bar gyaran keke ya koma kiwon awaki, shi ya kwance wayoyin taya 36, ya nemo waɗanda suka dace, ya saƙa injin cikin babbar taya, yana juyawa yana ɗaurewa yana duban karkata da ido ɗaya. Wayoyin wuta kuma wani yaro mai gyaran salula da fitilun sola ya haɗa su. Tsohon bai san bolt ba, yaron bai taɓa saƙa taya ba. Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne, amma a nan ita kaɗai ba ta isa ba. A ganina makomar wannan abu a ƙasarmu tana hannun mutanen nan biyu fiye da hannun masu kawo kwali. In yaron ya koyi buɗe batir, ya auna ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya cire matattu ya sa masu rai, ya gane ɗan allon da ke tsare su daga cika fiye da kima, to batir ya zama ɗan gari yadda keke ya zama. In kuwa ya tsaya a matsayin baƙin akwatin da in ya mutu sai a jira wani daga Kano, to mun sauya jarka da kwali ne kawai, kuma iyakar da ta hana fetur wucewa za ta hana shi. Tsohon kuma ba shi da almajiri ko ɗaya.

Akwai wata matsalar da ba ta inji ba. Keke ya zama alamar rashi. Saurayi ya gwammace ya ci bashin babur da a gan shi a kan Fonis, ko da Fonis ɗin yana tafiya da kansa. Ba na ganin laifinsu sosai; kabu-kabu sana'a ce, keken batir kuwa ba ya ɗaukar fasinja biyu da buhun gero. Ba zai kai mai naƙuda likita ba. Masu amfana da shi wasu ne daban: malamin da albashinsa ke ƙarewa a tanki, ma'aikacin lafiya mai zaga ƙauyuka, mai lambu a fadama, ɗalibar da ke tafiyar kilomita bakwai ko takwas zuwa kwaleji wadda iyayenta ke tunanin cire ta saboda nisa, dattijon da gwiwa ta hana shi feda amma bai yarda ya zauna ba. Ga kuma zamanin da muke ciki, da babur ya zama abin zargi saboda masu ɗauke da bindiga a kansa. A wasu sassan jihar Tillaberi an hana hawansa a Janairun 2020, kuma mutanen ƙauye ne suka fi ɗanɗana hanin. Duk inda irin wannan doka ta sauka, mai keke ne ke da sauran ƙafa.

Mushe ya sa wa keken sabuwar ƙararrawa, don ya ce tun da babu ƙarar inji, awaki da yara ba sa jin zuwansa, har ya kusa take wata tsohuwa mai tallan ƙuli-ƙuli. Na lura kuma da ya gan ni saukowa ya yi, bai ɗaga hannu daga kan sirdi ya wuce ba. Ba zan ce batir ne ya koya masa ba, tarbiyyar gidansu ce. Amma abin hawan da ba sai an kashe an sake tayarwa ba, kuma ba ya tayar da ƙura a fuskar mutane, ya fi sauƙin tsayawa a gaisa.

Caji yake yi da safe a makaranta, daga farantin da ke kan rufin ofishin darakta, batirin a ƙasa cikin inuwa kusa da randa. Ya ce tafiyar da yake yi da caji guda ta fara raguwa kaɗan tun bayan bazarar bara.

Na ce, "To ran da ya mutu fa?"

Ya ce, "Kawu, feda tana nan, ban cire ta ba. Sai in tuƙa da ƙafa kamar Baba har in tara kuɗin wani. Nauyin injin ne dai zan sha, kuma na riga na gaya wa yaron nan ya fara tara mini tsofaffin batiran kwamfuta."